Baturen Haraji da Baturen Mishan

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Na daɗe da sanin wannan karin magana, har na sha kawo shi a takardar jarrabawa, amma ban san nauyinsa ba sai a shekarar da na fara koyarwa. A ƙarshen shekarun 1980 ne aka tura ni wata ƙaramar sakandare a ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara, a gaɓar gabas ta tafkin Kainji. A lokacin ƙasar Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Ni haifaffen Yelwa ne, na tashi a gidan malamai, na kuma fito daga kwaleji da takardar shaida a hannu, ina ganin babu wani abu game da ƙasarmu da ya saura ban sani ba. Hausa aka ɗauke ni in koyar, amma saboda ƙarancin malamai sai hedimasta ya haɗa mini da darasin zamantakewa na 'yan aji biyu.

Ajin nan kamar kasuwar Wara yake ranar da take ci. Akwai 'ya'yan Hausawa 'yan kasuwa, da na Gungawa manoman albasa, da na Kambari, da na Lopawa, da na Sarkawa masunta. Kowa da harshen da ya baro a gida, amma da Hausa suke wasa, da ita suke faɗa, da ita kuma suke shiryawa. Mafi yawansu Musulmi ne, akwai Kiristoci 'yan kaɗan, akwai kuma waɗanda iyayensu ke kan addinin gargajiya. Duk wannan na san da shi, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Wata rana manhaja ta kawo mu kan zuwan Turawa. Na tsaya gaban allo na ce musu Bature ya zo ƙasarmu da Baibul a hannun dama da bindiga a hannun hagu. Na ce 'yan mishan su ne 'yan leƙen asirin mulkin mallaka, kuma duk inda aka ga coci a ƙasar nan to sawun Bature ne da ruwa bai gama wankewa ba. Maganar ta yi mini daɗi a baki, har na maimaita ta. Ban gama rufe baki ba sai na ga kawunan yara sun juya wuri guda, wajen wani yaro Bakambare da ke zama a bencin gaba. Shi ne gwanin ƙa'idar rubutu a ajin, wanda ba ya taɓa mance ƙugiyar ɗ ko ƙ. Da aka fita tara na ji ana kiran sa jikan Lugga. Washegari bai zo ba, haka jibi, har aka yi kwana goma wurinsa fayau.

Ya kamata in faɗi inda na samo waccan magana, domin ruwa ba ya tsami banza. Kakana malamin allo ne. Ran da yaran hakimi suka zo ɗibar yara zuwa elementare, cikin rumbu ya ɓoye mahaifina, don a ganinsa boko ƙofa ce ta shiga addinin Nasara. Shi kansa harshen Hausa ya taimaka wajen cuɗa al'amarin. Kalmar Nasara asalinta Larabci ce, ma'anarta mabiya Annabi Isa (A.S.), amma da Turawa suka ci ƙasa sai ta zama sunan duk wani farar fata mai mulki. Mukan ce zuwan Nasara, mulkin Nasara, kuɗin Nasara. Wanda ya tashi da kalma ɗaya tak ga mai mulki da mai wa'azi, da wuya ya yi tunanin mutum biyu ne.

Da na kai wa hedimasta labarin rashin zuwan yaron, bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi tun da ni na kwance akuyar, ni zan bi sawunta. Ranar Asabar na hau keke na nufi ƙauyensu, ɗaya daga cikin ƙauyukan nan masu ɗakunan siminti da gwamnati ta gina wa mutanen da ruwan Kainji ya tasa. Uban yaron ya tafi gona, sai aka kai ni wurin kakansa, wani tsoho mai furfura fat, yana zaune a inuwa yana kaɗa igiya.

Bayan mun gaisa ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne ka ce mu sawun Bature ne?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Abin da ya kawo ni ke nan."

Ya ce, "To, sha ruwa tukuna, ka sha rana."

Da na sha sai ya ce, "Ɗana, ni Bature biyu na sani, kai kuwa a littafi ka gan su. Na farko shi ne Baturen haraji. Tun ina yaro yake zuwa rangadi, da yaran hakimi a gabansa, da dogarai, da malamin da ke rubuta kawuna. Na ɗauki kayansa a kaina na kwana uku, na yi aikin hanya ba a ba ni ko anini ba. Wannan Bature bai taɓa tambaya ta abin da nake bauta wa ba. Kuɗinsa kawai yake so, kuma da Hausa ake karɓa. Na biyu sai da na yi aure ya ɓullo, shi ma ba garinmu ya zauna ba. Gyambo ne ya ci mini ƙafa, aka ce akwai masu magani, na yi tafiyar kwana biyu ina ɗingishi. Wata uku na yi can ana wanke mini. Da yamma akan tara mu a koya mana baƙaƙe. Ka san abin da na fara karantawa da kaina? Takardar harajina. A ranar na ga abin da aka rubuta bai kai abin da aka karɓa a hannuna ba."

Na ce, "Ke nan, Baba, Baturen mishan mutumin kirki ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ban ce ba. Bai taɓa sa hannu a ƙwarya ɗaya da ni ba. Ya hana mu gangunanmu, ya ce na Shaiɗan ne. Ya ce mai mata biyu ba shi da baftisma sai ya sallami ɗaya, na kuwa ga matan da suka rasa ɗaki ta haka. In mun kai masa kukan aikin tilas, sai ya ce addini ya yi umurni da biyayya ga hukuma. In Di'o ya zo wucewa, a gidansa yake shan shayi. Duk na gani da idona."

Na ce, "To, me ya zaunar da kai cikin addinin?"

Ya ce, "Falke yana iya cutar ka a ciniki, gishirin da ya kawo kuma ya gyara maka miya. Na karanta Littafin da kaina, zuciyata ta kwanta da shi, kamar yadda taka ta kwanta da naka. Shekarar da aka toshe Kwara a Kainji, ruwa ya ci ɗakin addu'armu, ya ci masallacin maƙwabtanmu, ya ci kushewar ubana. Da muka hau tudu mu muka kwaɓa ƙasa muka gina wani, babu Bature ko ɗaya a wurin. Limamin garin nan shi ya ba ni azara biyu. Yanzu ka faɗa mini, sawun wa ke jikin ginin nan?"

Ban sami amsa ba. Na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya sa baki yaron ya koma makaranta. Kafin in tashi ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafi da aka naɗe da fata. Littafi Mai Tsarki ne cikin Hausa. Bakambare ne, da Kambarci yake magana da jikokinsa, amma da harshena yake karanta littafin addininsa. Wannan ya tsaya mini a rai duk tsawon hanyar komawa.

Tun daga ranar na shiga neman sani, kuma abin da na tarar ya kasu gida biyu. Da farko dai, maganar da na yi a aji ba ƙarya ba ce tsagwaronta. A shekarar 1830 wasu Turawan Ingila, wa da ƙane, Richard da John Lander, suka sauka a Birnin Yauri, suka yi makonni suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a cikin duwatsun ruwan Busa a 1806. Daga nan suka bi Kwara a kwalekwale har inda ta faɗa teku. Da labarin ya isa Ingila sai aka gane cewa kogin nan da muke wanka a ciki hanya ce buɗaɗɗiya daga teku zuwa tsakiyar ƙasa. A 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku domin su ƙulla yarjejeniya da sarakuna, su hana cinikin bayi, su buɗe kasuwanci. A cikin jiragen akwai wakilan ƙungiyar mishan ta CMS guda biyu, wato J. F. Schon da Samuel Ajayi Crowther. Ashe soja da ɗan kasuwa da mai wa'azi jirgi ɗaya ya ɗauko su. Haka kuma yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda suka tsara yadda za su mamaye Afirka, tana ɗauke da sharaɗin ba 'yan mishan kariya.

Bugu da ƙari, akwai mutanen da suka sa rigunan biyu. Hanns Vischer, wanda muka sani da Ɗan Hausa, a matsayin ɗan mishan na CMS ya fara zuwa ƙasar nan, daga baya ya koma aikin gwamnati, shi ne kuma ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. G. P. Bargery, mai ƙamusun nan na 1934 da har yau ba mu daina buɗawa ba, shi ma da mishan ya fara kafin ya koma sashen ilimi na gwamnati. Littafin nahawun Hausa na C. H. Robinson, wanda limamin coci ne, da aka sake buga shi sai ga sunan Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, tare da nasa a bango. Likita Walter Miller na Zariya kuwa bai ɓoye goyon bayansa ga cin ƙasashen sarakuna da yaƙi ba, domin yana ganin ta haka ne ƙofar wa'azi za ta buɗe. Saboda haka wanda ya ce babu wata alaƙa tsakanin mishan da mulkin mallaka bai karanta tarihi ba.

Sai dai kuma gida na biyu na abin da na tarar ya rushe rabin abin da na taso da shi. A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Miller da abokan tafiyarsu suka isa Kano, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su bar gari. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawari a gaban jama'a cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Dalilinsa a fili yake. Jami'ansa 'yan kaɗan ne, ƙasa kuwa mai faɗi, ba ya iya mulkin ta sai ta hannun sarakuna da alƙalai da hakimai, kuma ya san mai wa'azi ɗaya a kasuwar birni yana iya tayar da fitinar da bataliya ba za ta kashe ba. Gwamnonin da suka biyo bayansa sun ma fi shi tsanantawa. Shekara da shekaru ana hana 'yan mishan kafa tasha a ƙasashen sarakunan Musulmi, ana tura su wajen ƙabilun da ke bin addinin gargajiya. Shi kansa Miller da ya sami zama a cikin birnin Zariya, ƙarshenta sai da aka fitar da mishan ɗinsa zuwa Wusasa. Sai a shekarun 1930 aka sassauta, aka bar ƙungiyar SIM ta riƙe wuraren jinyar kutare irin su Amanawa a ƙasar Sakkwato da Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina. A taƙaice, zaman da suka yi a Arewa zaman 'yan marina ne, wuri ɗaya amma kowa da inda ya sa gabansa. Razdan yana neman haraji da kwanciyar hankali, ɗan mishan yana neman mabiya, kuma sau da yawa buƙatar wannan ita ce ciwon kan wancan.

Ƙasarmu ta Yauri ta isa misali. Tun kafin 1900 sojojin Ingila suka yi sansani a Yelwa, a zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, saboda tseren da suke yi da Faransa a kan ƙasar Bargu. A 1901 suka ci Kwantagora, suka kori Sarkin Sudan Ibrahim, wanda hare-harensa suka daɗe suna addabar Kambari da maƙwabtansu, amma a 1903 suka mayar da shi kan gadonsa domin suna buƙatar sa. A 1915 suka tuɓe Sarkin Yauri Jibrilu suka naɗa wani Bafillace mai suna Aliyu, wanda ba ɗan gidan sarauta ba ne. A shekarar kuma suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Yauri, abin da ya jawo tawayen da Sabukki ya jagoranta. Sai a 1923 sarautar Yauri ta koma gida, aka naɗa Abdullahi ɗan Jibrilu. Duk wannan naɗi da tuɓewa da haraji da tawaye an yi su ne ba tare da ɗan mishan ya taka wata rawa ba. Ƙungiyar UMS, wadda A. W. Banfield ɗan Kanada ya fara aikinta a Tsonga ta ƙasar Nufe a 1905, sai a shekarun 1920 ta iso Salka a cikin Kambari da kuma Zuru, daga baya ta sami shiga Yelwa. Daga aikinta ne cocin UMCA ya fito. Limaman Katolika na ƙungiyar Dominikan kuwa, waɗanda daga Amurka suka zo, sai bayan da aka danƙa musu yankin Sakkwato a 1953 suka kafa tasha a Yelwa, mulkin mallaka yana dab da kwashe kayansa. Ashe lissafin tsohon nan daidai ne: Baturen haraji ya riga Baturen mishan da shekaru masu yawa, kuma masu wa'azin da suka zo mana galibinsu ba ma 'yan ƙasar da ta mallake mu ba ne.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan wuyar haɗiya ga mutum irina. A ƙarƙashin mulkin Turawa, ikon En'e da kotun alƙali da malamin haraji ya kai lungunan da a da sarauta ba ta isa sosai, cikin gungu-gungu na Kwara da dazuzzukan Ngaski da Shanga. Tare da su Hausa da Musulunci suka ƙara shiga. Wani masanin al'adu ɗan Amurka, Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a farkon shekarun 1970, ya lura cewa Gungawa da yawa sun rikiɗe sun zama Yaurawa ta hanyar musulunta da ɗaukar Hausa, yayin da wasu Dukawa suka karkata ga Kiristanci domin su tsare bambancinsu da Hausawa. Wannan ba ya nufin imanin wani daga cikinsu na ƙarya ne. Abin da yake nunawa shi ne, mutanen ƙasar nan ba tumaki ba ne da aka kora. Kowace al'umma ta dubi halin da take ciki ta zaɓi hanya. In har zan ce Kiristan Kambari sawun Bature ne don addininsa ya iso a zamanin Turawa, to me zan ce da Bagungen da ya musulunta a wannan zamanin? Ma'aunin da ba zan yarda a auna nawa da shi ba, bai kamata in auna na wani da shi ba.

Mu malaman Hausa abin ya fi shafar mu. Hausa ba Bature ya kawo ta Yauri ba. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun daɗe suna ƙetare Kwara ta wannan yanki, kuma Farfesa Mahdi Adamu, ɗan ƙasar Ngaski, ya nuna a littafinsa na 1978 yadda Hausawa da harshensu suka bazu a Afirka ta Yamma tun kafin zuwan Turawa. Malamanmu kuma sun yi rubutu da ajami tun da daɗewa. Amma baƙaƙen bokon da muke rubutawa a allo kullum ta hannun waɗancan mutane biyu suka biyo. Schon ya buga littafinsa na farko na kalmomin Hausa a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, kuma babban mataimakinsa wani yaro ne ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Vischer ya tsara ƙa'idojin rubutu a 1912. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki aka buga a 1932. Hukumar talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da littattafan ƙagaggun labaranmu na farko, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Ɗan mishan ya zaɓi Hausa don da ita zai isa ga ƙabilu da yawa a lokaci guda. Jami'in mulki ya zaɓe ta don da ita zai yi shari'a ya karɓi haraji. Sakamakon haka shi ne abin da na gani a hannun tsohon nan: harshen da kakana ya yi tafsiri da shi, da shi ake waƙoƙin coci a Salka da Zuru da Yelwa. Saboda haka in akwai mai yawo da abin da Bature ya bari, to ni ma da alli a hannuna ina ciki.

Har ila yau, ya kamata malami ya san cewa Kiristanci ya girmi mulkin mallaka a Afirka nesa ba kusa ba. Sarki Ezana na Habasha ya karɓe shi tun a ƙarni na huɗu, kuma ƙasar da Sahabbai suka yi hijira ta farko zuwa gare ta, a wurin Najjashi, ƙasar Kirista ce. Ita ce dai ta karya rundunar Italiya a Adwa a 1896. A cikin mishan ɗin ma baƙar fata bai tsira daga wariya ba. Crowther, wanda aka 'yanto daga jirgin bayi, ya zama bishop a 1864, amma a 1890 wasu samarin Turawa 'yan mishan suka tozarta shi da ma'aikatansa, ya rasu a ƙarshen 1891, aka kuwa maye gurbinsa da Bature. A ɗaya ɓangaren, makarantar Miller ce ta fitar da Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta. Kuma mafi yawan wa'azin da ya shiga ƙauyuka 'yan ƙasa ne suka kai shi da ƙafarsu, irin tsohon da na ziyarta.

Ranar Litinin yaron ya dawo. Da na shiga aji na ce musu malaminsu ya yi kuskure, na kuma ba yaron haƙuri a gabansu. Sannan na rubuta kalmomi uku a allo: Kiristanci, mishan, mulkin mallaka. Na ce na farko addini ne, yana da mabiya kafin Turawa su zo, yana da su bayan sun tafi. Na biyu ƙungiyoyi ne na mutane, sun yi magani sun koyar da karatu, sun kuma raina al'adunmu, sun yi shiru a kan zalunci da yawa. Na uku hukuma ce da ta ci ƙasa da bindiga ta riƙe ta da haraji, wani lokaci ta yi amfani da na biyu, wani lokaci ta taka masa burki. Na ba su aikin gida, kowa ya je ya tambayi tsoho ko tsohuwa a gidansu wane Bature suka fara gani, me ya zo nema. Amsoshin da suka kawo sun fi abin da ke cikin littafin da nake koyarwa da shi. Wani ya kawo labarin jangali, wata ta kawo na allurar agana, wani ya kawo na kakansa da aka ɗauka soja aka kai Bama. Mutum biyu kacal suka ambaci mai wa'azi.

Ya kai ɗalibi mai shirin zama malami, ba na ce ka wanke mulkin mallaka ba, ba na kuma ce ka yi wa 'yan mishan kirari ba. Laifin kowa yana nan a rubuce, ka faɗe shi da shekararsa da wurinsa da sunan wanda ya aikata. Abin da nake gargaɗin ka a kansa shi ne jimla mai daɗin faɗa wadda ke tattara shekara ɗari da mutane dubbai ta ɗora a kan yaro ɗaya. Duk inda aka tura ka a Arewa, daga Yauri har Mubi, za ka sami aji irin nawa, kuma yara suna ɗaukar maganar malami su fita da ita filin wasa, daga nan ta bi su gida. Mun ga abin da irin waɗannan maganganu suka jawo wa garuruwa da yawa a ƙasar nan. Kafin ka yanke hukunci a kan wata al'umma, dubi fuskokin da ke gabanka, ka tabbata za ka iya maimaita maganar a gaban kakan kowane ɗayansu.

Tsokanar ta mutu bayan 'yan kwanaki, yaron kuma ya ci gaba da zuwa har ya gama. Rubutunsa bai canza ba, ƙugiyoyinsa suna nan daidai. Amma tun daga ranar da ya dawo ya koma bencin baya, kusa da taga, kuma har muka rabu bai ƙara ɗaga hannu a darasina ba.